Kayan rawar Bali a jikin yaro: abin da tela za ta ɗauka da abin da za ta bari

Tambaya: Ni tela ce, kayan yara nake ɗinkawa. Na ga bidiyon 'yan matan tsibirin Bali na Indonesiya suna rawar gargajiya cikin kaya masu ruwan zinare, abin ya shiga raina. Ina so in fitar da kayan yara 'yan shekara 3 zuwa 8 masu irin wannan kamannin. Me zan ɗauka, da wane yadi, kuma a ina ake yin tuntuɓe?

Amsa: 'Yar'uwa, idonki ya ga abu mai kyau. Sai dai kafin ki ɗauki almakashi, ki sani cewa kayan da kika gani an yi su ne don su ɗaure jiki. Yarinyar da za ta yi Legong, fitacciyar rawar 'yan matan Bali, ana naɗe ta da wata doguwar ɗamara mai mitoci da dama da suke kira sabuk, tun daga ƙugu har ƙirji, tamau, don bayanta ya miƙe kafaɗunta su ɗaga. Zaninta matsattse ne har idon sawu, shi ya sa takunta gajere ne. A kanta kuma ga kambin fata mai nauyi. Tana jure wannan duka na tsawon rawar, ana gamawa a kwance ta. Yaron da za ki yi wa ɗinki kuwa wuni zai yi cikin rigar, ya yi gudu, ya tsuguna, ya zubar da miya a gaba, a wanke a sake sa masa. Aikinki shi ne ki ɗauko tsarin kayan da irin motsinsu, ki bar ɗaurin da nauyin can a filin rawa.

Ki fara da sanin sassan, domin wanda bai san sunan abu ba ko hotonsa ba zai iya nema daidai ba. Kambin kai sunansa gelungan, fatar saniya ce da aka sassaƙa aka huda aka shafa mata ruwan zinare, sannan aka soka mata furannin jepun, wannan farin fure mai rawaya a tsakiya, a kan siraran wayoyi don su riƙa rawa idan ta girgiza kai. Abin da ya kewaye wuya ya kwanta a kan ƙirji kamar faifai shi ne badong, wani na fata wani na karammiski da duwatsu. Daga ƙarƙashinsa wani dogon ƙyalle mai suna lamak yake saukowa ta gaba har cinya. A ƙugu akwai ampok-ampok, ɗamarar fata mai sassaƙa, da oncer, ƙyallayen da ke reto a gefe. Zanin shi ne kamen, a damtse da wuyan hannu akwai gelang kana, a hannu kuma mafici. Wani abin da zai yi miki daɗi: mai rawar Legong tana sa riga mai dogon hannu, saɓanin masu rawar Pendet da kafaɗunsu suke a buɗe. Don haka idan sutura kike nema, Legong ta fi kusa da abin da iyayen yaranmu za su karɓa. A nau'in Legong da ake kira Legong Keraton, 'yan matan biyu galibi kore suke sawa, ita kuma Condong, baiwar da ke buɗe rawar ta miƙa musu mafitai, takan fito cikin ja ko ruwan hoda. Ga haɗin launi nan kin samu kyauta: kore da zinare ga ya, ja da zinare ga ƙanwa.

Na maza kuma ki dubi Baris, rawar mayaƙa. Mai rawar yana sa farin wando, da rigar karammiski, da hula mai kusurwa uku da aka jera wa ɓawon kifin teku mai sheƙi, da wuƙar keris a baya. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne awiran, dogayen ƙyallaye masu launi daban-daban da ke rataye kewaye da jikinsa, idan ya juya sai su buɗe kamar laima. Ki riƙe wannan buɗewar a ranki, za mu dawo kanta.

Yanzu ga maganar da ta fi awo da yanka muhimmanci. Mafi yawan mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne, kuma rawa a wurinsu tana da hawa-hawa. A 1971 masanansu suka raba ta gida uku: wali, rawar ibada da ake yi a can cikin farfajiyar wurin bautarsu, kamar Rejang da Sanghyang, bebali, wadda ke rakiyar bikin addini, da balih-balihan, ta kallo da nishaɗi, inda Legong ta faɗa. Da wannan rabon ne UNESCO ta sa rawar Bali cikin jerin gadon al'adun duniya a 2015. Ki yi aronki daga gida na uku. Haka ma zane-zanen. Harafin nan mai tsarki a wurinsu da suke kira ongkara, da rerajahan, zanen tsari da malaman addininsu ke yi, da fuskar Rangda, mayyar labaran addininsu mai zaro harshe, duk ki bar su. Akwai wani zane mai suna banji, jerin ƙugiyoyi ne da aka gina a kan alamar suwastika. A Bali alamar alheri ce tun da daɗewa, amma idan rigarki ta je hannun wanda Hitila kawai ya sani da ita, ba ki da bakin yin bayani. Shi kuwa Barong, dodon nan mai gemu da suke ɗauka mai kare gari, gaskiya su kansu mutanen Bali suna buga fuskarsa a riguna su sayar wa baƙi. Duk da haka shawarata ki bar shi. Abin bauta ne a wurin masu shi, kuma iyaye Musulmi da yawa ba za su sa wa ɗansu riga mai irin wannan fuskar ba. Kin ga nan ladabi ga masu abu da hankalin kasuwa sun haɗu a hanya ɗaya.

Akwai kuma yadin poleng, dara-daran baƙi da fari da za ki ga an ɗaura wa manyan bishiyoyi da gumaka, masu tsaron gari da ake kira pecalang ma suna ɗaura shi. Yana nuna abin da suke kira rwa bhineda, wato kishiyoyi biyu da duniya ba ta tsayuwa sai da su. Baƙi da fari mai dara ba mallakar kowa ba ne, ki yi amfani da shi a aljihu ko bakin hannu idan kina so. Amma kada ki yi gindin wando ko takalmi da shi sannan ki liƙa masa sunan Bali. Su a wurinsu jiki kashi uku ne, kai mai daraja, tsakiya, sai ƙafa a ƙasƙance, kuma abin da aka yi don kai ba a kai shi ƙafa. Ko zanen kambin gelungan ne kika ɗauko, ki sa shi a wuya ko ƙirji.

Abin da ya rage miki yana da yawa, kuma shi ne mafi daɗin aiki. Masassaƙan Bali suna da dangin zanen ganye da reshe da suke kira patra: patra punggel mai lanƙwasa kamar tsiron da bai gama buɗewa ba, patra samblung mai yaɗo, patra cina mai furanni da rassa, patra olanda mai manyan ganye. Akwai ƙananan zane masu maimaituwa na bakin kaya, kamar kakul-kakulan mai kama da jerin katantanwa, da batun timun mai siffar ƙwayar kokwamba. Akwai tumpal, jerin dogayen kusurwa uku da ake sawa a ƙarshen zani. Ga furen jepun, ga siffar mafici. Waɗannan sun ishe ki shekara guda kina fitar da sabon abu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwafo zanen da girmansa na zanin babba. Gaban rigar ɗan shekara 5 bai wuce inci 14 a faɗi ba. Fure mai inci 5 zai cinye yaron ya zama kamar labule ke tafiya. Ki mayar da kowane zane inci 1 da rabi zuwa 2, bakin ƙasa kuma kada zurfinsa ya wuce inci 3. Idan kin rage girma, ki rage yawan lanƙwasa ma, don siraran layuka suna cushewa a bugu, a surfani kuma sai su zama dunƙule.

Batun yadi. Wannan mai ruwan zinaren da ya ja hankalinki sunansa prada. A da, siraran ganyen zinare na gaske ake mannawa da gam a kan yadin, kuma a iya inda ido zai gani kawai ake sawa, sashen da zai shige cikin naɗi a bar shi haka. Ba a wanke shi, sai dai a shanya a inuwa. Yanzu yawancin na kasuwa fenti ne ko ledar zinare, kuma shi ma wankin bai karɓe shi ba: yana tsagewa, yana kankarewa, gefensa yana kartar fata. Bai dace da rigar yaro ba sam. Songket, wanda ake saƙawa da zaren zinare a wurare irin su Sidemen da Klungkung, yana da nauyi da tsada, kuma bayansa cike yake da zaren da ke shawagi, ɗan yatsan yaro yana shiga ya ja. Idan kin samu guntunsa, ki yi ɗan faci a wuya ko aljihu, ki yi masa shafi. Geringsing na ƙauyen Tenganan kuwa kada ma ki yi tunanin sa masa almakashi. Ana rina zaren tsaye da na kwance duka kafin a saƙa, sai sun haɗu a kan masaƙa zanen yake fitowa, rinin kaɗai yana cin shekaru, kuma kayan bikin addini ne da suke ɗauka yana kore cuta.

Wanda aka yi domin irin aikinki shi ne endek. Saƙar hannu ce da ake ɗaure zaren kwance a rina shi kafin saƙa, shi ya sa gefen zanensa yake da ɗan hazo mai daɗin kallo. Kayan yau da kullum ne a Bali, har gwamnatin lardin ta fitar da sanarwa a 2021 cewa a riƙa sa shi ranar Talata, kuma kamfanin kayan sawa na Dior ya yi amfani da shi a kayansa na bazarar 2021. Ki nemi na auduga zalla. Faɗinsa kusan mita ɗaya ne, bai kai inci 45 na yadin da kika saba ba, don haka ki ƙara lissafi. Ki lura kuma akwai na bugun inji da ake sayarwa da sunan endek. Ki juya bayansa: na gaske launinsa ɗaya ne ciki da waje, tunda zaren aka rina, na bugu kuwa bayansa a koɗe yake. Idan na bugu kika saya ba laifi, amma kada ki ce wa mai saye saƙar hannu ce.

Wata za ta ce ai atamfa ma daga can ta samo asali, a yi da ita mana. Akwai gaskiya a ciki: Turawan Holan ne suka kwaikwayi batik, rinannen yadin tsibirin Java, da inji a ƙarni na 19, kasuwarsa ta buɗe a Afirka ta Yamma. Amma Java daban, Bali daban. Atamfa mai manyan zane za ta yi kokawa da adon wuyan da za ki yi, ido ya rasa inda zai sauka. Idan endek bai samu ba, ki ɗauki audugar fili mai launi ɗaya, mara nauyi, wadda iska ke ratsawa. Shadda mai sitaci tana da sheƙin da ya dace, sai dai ki wanke ta ta yi laushi tukuna. Karammiski da satin na roba ki bar su ga masu rawa; a zafinmu ƙurajen zufa kawai za su jawo.

Kowane yadi kika zaɓa, ki jiƙa shi ki shanya ki goge kafin yanka. Auduga tana ja da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, saƙar hannu takan fi haka. Idan kika haɗa yadi biyu da ba su ja daidai ba, wankin farko lamak ɗin zai tattare ya janye gaban rigar, kuma babu gugar da za ta gyara. Ki jefa farin ƙyalle cikin ruwan jiƙon. Idan ya fito da launi, yadin yana zuba, ki ci gaba da ɗauraya har ruwa ya yi fari, in ya ƙi ki raba shi da duk wani abu mai haske. Ja da baƙi su ne suka fi yin wannan. Gishiri ko ruwan tsami da ake cewa a zuba ba sa kama rinin zamani a kan auduga. Endek kuma saƙarsa tana zarewa da wuri, don haka ki yi wa kowane yanki wibin da zarar kin yanka, ki bar rarar ɗinki ta rabin inci ko fiye.

To, yaya za ki samu zinaren ba tare da prada ba? Hanya uku ce, kuma ba daidai suke ba. Ledar zinare da ake mannawa da zafi ita ta fi ƙyalli ranar farko, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa. Bayan 'yan wanki sai ta tsattsage a inda yadi ke lanƙwasa. Bugun tawada mai ruwan zinare ya fi ta ɗorewa idan an gasa shi yadda ya kamata, galibi kusan digiri 160 a ma'aunin Celsius na minti 2 zuwa 3, amma ki bi abin da mai tawadar ya rubuta. Yawancin bugun da ke wankewa rashin isasshen gashi ne ya jawo, an cire shi yana bushe a sama ɗanye a ciki. Na uku, wanda na fi so wa yara, shi ne surfani da zaren siliki ko na reyon mai launin zinare, wanda babu ƙarfe a cikinsa. Ba ya walƙiya kamar leda, amma yana da taushi, yana jure wanki, kuma daga nesa ido zinare yake gani. Idan dole sai zaren ƙarfe, ki sa allura mai lamba 90 mai faɗin kafa, ki sassauta zaren sama, ki rage gudun keke, in ba haka ba zai riƙa tsinkewa yana barin ƙananan tsini. Sannan ki rufe bayan aikin da shafin auduga mai laushi. Ki gwada shi a cikin wuyan hannunki ko a kumatunki. Abin da ya ɗan kartar ki, a wuyan yaro mai zufa ciwo zai zama.

Ki guji fentin zinare mai arha da ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado, kuma a nan abin ya wuce ado: wasu fentocin da ƙananan kayan ƙarfe suna ɗauke da dalma, yara kuwa suna tsotsar wuyan riga. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Dokar Amurka ba ta yarda dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fentin kayan yara ba. Ki nemi tawadar yadi mai ruwa daga mai sayarwar da zai nuna miki takardar gwaji, irin ta OEKO-TEX, wadda ajinta na farko na jarirai ne har zuwa shekara 3.

Bari mu ɗinka guda ɗaya tare, rigar yarinya 'yar shekara 5, wadda tsawon jikinta ya kai kusan inci 43, ƙirji 23, ƙugu 21 zuwa 22. Za ki buƙaci yadi 2 na kore mai faɗin inci 45, rabin yadi na launin ado, da rabin yadi na shafi. Ki yanka saman rigar da ƙirji 26 zuwa 27, wato kin ba ta sararin inci 3 zuwa 4, tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙugu kusan 11. Hannu dogo, kusan 15, kuma ki zurfafa hammata da rabin inci fiye da yadda kika saba. Masu rawar Bali suna tsayuwa da gwiwar hannu a ɗage daidai kafaɗa, tsayuwar da suke kira agem, kuma duk yarinyar da ta sa rigar nan sai ta gwada ɗaga hannu. Idan hammata ta matse, rigar gaba ɗaya za ta haye sama.

Badong ɗinki ya zama wuya kwantacce mai faɗin inci 2 da rabi zuwa 3, zagayayye, gefensa na waje mai tudu-tudu kamar bakin fure. Ki yi masa surfanin patra guda ɗaya a tsakiya da jerin kakul-kakulan a gefe, ki manna masa siririn yadin gam mara kauri, sannan ki ɗinke shi a jikin rigar ta ciki da ta waje duka. Idan kika bar gefen waje a sake, zai riƙa naɗewa bayan wanki, ya kuma shiga cikin kwanon abinci. Idan kika sa gam mai kauri don ya tsaya kamar na fata, zai riƙa sukar haɓa duk lokacin da ta sunkuya. Kan yarinya mai wannan shekaru ya kai inci 20, don haka ki tsaga baya inci 4 zuwa 5 ki sa maɓalli biyu, ko zif mai ƙyalle a bayansa don kada ya ciji fata.

Lamak ya zama faci mai faɗin inci 3 da rabi, ya taso daga ƙarƙashin wuyan ya sauka ya tsaya inci 2 sama da gwiwa, ƙarshensa da tumpal uku. Ki ɗinke gefensa biyu a jikin rigar har ƙasa. A madadin sabuk, ki sa ɗamara mai faɗin inci 2 da rabi da aka ɗinke a gaba, ki jera mata layukan ɗinki a karkace don ta yi kama da naɗi, bayanta kuma roba mai faɗin inci 1, a yanka ta ta gaza ƙugu da inci 1 zuwa 2. Siket ɗin shi ne inda aka fi faɗuwa. Kamen na gaske a matse yake, idan kika kwaikwaye shi yarinya ba za ta iya hawa mataki ba, ko ta yage shi ranar farko. Ki yi cikakken siket mai faɗin ƙasa inci 44 zuwa 48, tsawo 18 zuwa 19, sannan ki ɗora masa wani falle a gaba da ya ratso daga ƙugu zuwa ɗaya gefen, mai bakin ado. Ido zai ga ɗaurin zani, ƙafa kuma tana da filin gudu. Ki bar kalmasa ta inci 2 don a sake ta baɗi. Kambi kuma ya zama ɗan abin kai na yadi mai roba a baya, da furen jepun uku na yadi da aka ɗinke sosai, babu waya babu allura.

Na yaro namiji ya fi sauƙi. Riga mai ƙirji 27 zuwa 28, tsawo 19, farin wando ko mai ruwan madara, da bakin ƙafa mai inci 2 na launin ado, wanda ke tuna setewel, abin da mai Baris ke ɗaurawa a ƙwauri. Ga dabarar awiran: kada ki rataya masa ƙyallaye. Ki yi wa ƙasan rigar ninki shida ko takwas masu shiga ciki, kowanne ki ɓoye masa yadi mai launi daban, ja, rawaya, kore, shuɗi, faɗin inci 2. Yana tsaye rigar launi ɗaya ce, yana juyawa launukan su buɗe. Motsin Baris ke nan, kuma babu abin da zai sarƙe a ƙofa. Ki kama saman kowane ninki da ɗinki mai ƙarfi, don nan ne yake fara ɓarkewa. Idan kina son udeng, ɗaurin kan mazan Bali mai ƙulli a goshi, ki ɗinka shi a shirye da roba a baya kamar yadda su ma suke sayar wa yara. Wuƙa kam, ko ta roba ce, babu ita.

Maganar igiya ba ta wasa ba ce, kuma kayan Bali cike suke da abin reto, shi ya sa nake nanatawa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14682 ta hana kowace irin igiya ko zariya a wuya da hular riga ga yaran da ba su kai shekara 7 ba, ko masu tsawon santimita 134 zuwa ƙasa. Zariyar ƙugu kada bakinta ya fito fiye da santimita 14, wato inci 5 da rabi, kuma a kama ta da ɗinki a tsakiyar ƙubaka don kada a zare ta gefe ɗaya. Ɗamarar da ake ɗaurewa a baya ga ƙananan yara kada ta wuce santimita 36. Kada a yi wa bakin igiya ƙulli ko a sa masa dutse, domin shi ne ke maƙalewa a lilo, a ƙofar mota, a sarƙar babur. Ko ba Turai za ki kai kayanki ba, wuyan yaro ɗaya ne a ko'ina. Oncer ɗin da ke reto a gefen mai Legong, ki mayar da shi ɗan ninki da aka ɗinke a jikin siket. Duwatsu da ƙananan ƙyalƙyali kuma, ga 'yan shekara 3 ki bar su gaba ɗaya. Duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita 3 da ɗigo yana iya shaƙe yaro. Ga manya ki ɗinka su da zare ninki biyu, ki ƙulle bayan kowane uku, kada ki dogara da gam. Maɓalli ki gwada shi da ma'aunin rataye: ki ja shi da nauyin kusan kilo 9 na daƙiƙa 10, wanda ya cire ki sake ɗinkinsa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki ɗinka samfuri ɗaya na kowane salo kafin ki yanka sauran yadin. Ki wanke shi sau biyar da irin sabulun da iyaye ke amfani da shi, da irin cuɗar da suke yi, ki shanya a rana tunda haka za a yi masa. Ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle sau goma a kan zinaren ki ga ko ya kama. Ki ninke wurin bugun ki matse da farce ki ga ko ya tsage. Sannan ki sa wa yaro na gaske ya wuni da shi, da yamma ki duba bayan wuyansa da hammatarsa da ƙugunsa. Jan layi a fata yana nufin akwai ɗinki ko roba da za a gyara, kuma yaron da ya yi ta jan wuyan riga ya riga ya gaya miki inda laifin yake.

A takardar da za ki liƙa wa kayan, ki rubuta gaskiyar abin: an ɗauko salon daga kayan rawar Legong ko Baris na Bali, an ɗinka a garinku. Idan endek na gaske ne, ki faɗi haka, ki ambaci yankin da aka saƙa shi in kin sani. Ki ƙara da yadda za a kula da shi: a juya ciki waje, a wanke da ruwan sanyi, kada a jiƙa ya kwana, kada a sa bilic, a shanya a inuwa, a goge ta baya, kada dutsen guga ya taɓa zinaren kai tsaye.